Tsufan da Ido Ba Ya Gani: Taransifomomin Bakin Tafkin Kainji da Wajibcin Awo

A shekarar 1968 aka kammala ginin madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, tafkin da ya taru a bayanta kuwa ya shanye gonaki da tsibirai da garuruwa har zuwa ƙasar Yawuri. Fiye da mutum 40,000 aka tasa daga muhallinsu, cikinsu har da Gungawa da Kambari. Ke nan al'ummar bakin tafkin sun biya farashin wutar lantarki tun kafin a kunna ƙwai na farko. Haƙƙinsu ne a kula da na'urorin da ke kai musu wutar, musamman ɓangaren da ke tsufa a ɓoye.

Tun daga injina 8 masu ƙarfin megawat 760 da aka girka a Kainji, zuwa layin kilobolt 330 da ya nufi Birnin Kebbi, har ƙaramar taransifomar unguwa a Wara ko Yelwa ko Shanga, abu ɗaya ne ke riƙe da rayuwarsu. Shi ne shamakin da ke hana wuta tsallakawa daga waya zuwa waya, ko zuwa ƙasa. A cikin taransifoma, takarda ce ta musamman da aka naɗe wayoyin da ita, sai man da aka tsoma su a ciki. A kan turakun wuta kuwa, tangaran ne ko gilashi. Tagulla da ƙarfe suna iya jure shekaru barkatai, amma takarda ba ta da wannan juriya, kuma idan ta ruɓe ba a iya dawo da ƙarfinta.

Zafi ne babban maƙiyinta. Tun 1930 injiniya Montsinger na Amurka ya nuna cewa ƙarin zafi na kimanin digiri 8 yana rage rabin rayuwar shamakin. A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40, taransifomar da aka ɗora wa gidaje da injinan niƙa da na casar shinkafa fiye da ƙima tana cinye shekarunta cikin gaggawa. Na biyu shi ne laima: duk lokacin da ruwan da ke cikin takardar ya ninka, saurin ruɓewarta ma kusan ninkawa yake yi, bakin tafki kuwa ba ya rabuwa da laima a damina. Na uku ƙurar hunturu ce, wadda kan lulluɓe tangaran, sai raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, ta zama hanyar da wuta ke bi ta yi tartsatsi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin farin ciki, wannan tsufa yana barin alamomi. Kamar yadda likita ke ɗibar jini, haka injiniya ke ɗibar mai kaɗan ya auna iskar da ta narke a cikinsa. Haidirojin na nuna ƙananan tartsatsi da suka fara cin shamaki. Asitilin, wato iskar da masu walda ke hura wuta da ita, na nuna cewa wuta ta soma tsallake a ciki. Ana kuma kimanta tsawon zaren takardar: sabuwa kan kai ma'aunin 1,000 zuwa 1,200, idan ta sauka zuwa 200 kuwa kwananta ya ƙare. Akwai ma alamar da ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Ƙwayoyin silika da ke mashaƙar iskar taransifoma, idan shuɗi ne suka koma ruwan hoda, sun ƙoshi da laima ke nan, sai a sauya su.

Za a iya cewa awon yana da tsada, kuma kamfanonin rarraba wuta na kukan ƙarancin kuɗin shiga daga karkara. Akwai ƙanshin gaskiya a nan. Sai dai kuɗin gwajin mai ɗan ƙalilan ne idan aka gwama shi da farashin sabuwar taransifoma, balle asarar mai sayar da ƙanƙara ga masunta, ko asibitin da ke adana allurar rigakafi a firij. Ga shi kuma a sassa da dama na Nijeriya talakawa ne kan yi karo-karo su gyara taransifomar da ta ƙone, alhali hukumar NERC ta sha bayyana cewa wannan nauyin kamfanin rarraba wuta ne.

Don haka ya kamata kamfanin Kaduna Electric, wanda Jihar Kebbi ke ƙarƙashinsa, ya buɗe wa kowace taransifoma kundi mai ɗauke da shekarunta da nauyin da take ɗauka da sakamakon gwajinta na shekara-shekara. Hukumar N-HYPPADEC, da aka kafa domin yankunan da madatsun ruwa suka shafa, tana iya haɗa kai da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a samar da ɗakin gwaji da matasan da za su riƙe shi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, don haka gwamnatin jiha na da ta cewa. Masu unguwanni kuwa su sa ido kan yoyon mai da ɓarayinsa, su hana jona waya ta ɓarauniyar hanya.

Taransifoma ba ta mutuwar fuju'a. Takan daɗe tana jinya, sai dai ba a samu mai duba ta ba. Al'ummar da ta ba da gonakinta domin ƙasa ta samu haske ta cancanci a riƙa duba mata ita tun da sauran lokaci.