FILIN MATA: Da Wane Gam Za A Liƙe Tankin Kifi?



Wata uwargida ta rubuto mini takarda tana neman shawara. Ta ce ta ɗauki kuɗin adashenta ta sayi 'ya'yan tarwada tana kiwo a bayan ɗaki, yanzu kuwa tankin ya soma yoyo. Maigida ya kawo ragowar gam ɗin da aka liƙe tangaran na bayi da shi, ya ce a shafa. Shin ko zai yi?

Amsata ita ce, kada ki yarda. Ga dalili.

Kifi ba kamar akuya yake ba. A cikin ruwan nan yake kwana, yake ci, yake numfashi. Duk abin da ya narke a ruwa, sai ya shiga jikinsa ta jajayen nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. Gam ɗin da ake sayarwa domin bayi da kicin kuwa, galibi akan gauraya shi da maganin hana funfuna, don kada ya yi baƙi. Wannan magani yana tsattsafowa cikin ruwa a hankali. Babbar tarwada tana da taurin rai, amma 'ya'yanta ba su da shi. Sai ki wayi gari ki ga sun juya ciki sama, jari ya tafi.

To, da me za a liƙe? Tilas a fara duba irin tankin.

Idan na gilashi ne, irin wanda ake ajiye kifin ado a falo ko a ɗakin karatun makaranta, silikon ake nema. Tun daga shekarun 1960 da shi ake haɗa irin wannan akwati. Amma a nemi zallansa, wanda aka rubuta ɗari bisa ɗari a jikinsa, aka kuma ce ya dace da akwatin kifi. In kika ga an ce yana hana funfuna, ki mayar wa mai kanti abinsa, ko da ya fi araha. 'Yan makaranta, nan ne karatunku zai yi rana. Ku bi iyayenku kasuwa ku karanta musu abin da ke jikin kaya.

Ga yadda ake aikin. A kwashe kifin a zuba a wani mazubi da ruwansu na da. A tsiyaye tankin ya bushe ƙayau. A sa reza a kankare tsohon gam sarai, domin sabon silikon ba ya kama tsoho. A goge wurin da sipirit, ban da sabulu ko kalanzir. Sa'an nan a shafa daga ciki, ba daga waje ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau tankin lita 100 yana ɗauke da kilo 100. Liƙin ciki ruwa danna shi yake yi, na waje kuwa ture shi yake yi.

Za ki ji wari mai tsami kamar na ruwan kal. Kada ki damu, alama ce yana kan bushewa. Sai dai muddin warin yana nan, ba a zuba ruwa. Ki ba shi aƙalla sa'a 48, in kin kai kwana 7 ya fi. Laimar iska ce ke sa shi ya yi ƙarfi, saboda haka da hunturu ya fi daɗewa bisa ga damina. Sauri ya haifi nawa.

Idan tankin na roba ne, irin baƙaƙen nan na ajiye ruwa, kada ki ɓata kuɗinki. Silikon ba ya kama irin wannan roba, bayan 'yan kwanaki zai ɓanɓaro. Ki kira masu liƙin roba da wuta, su narka irin robar su toshe wurin.

Idan kuwa na siminti ne, da siminti ake gyara shi. Amma sabon siminti yana da kaifi kamar ruwan toka, yana ƙona fatar kifi. In ya bushe, a cika tankin da ruwa, a riƙa zubarwa ana sakewa har mako biyu. Kwalta da fentin ɗaki kuwa, kada su kusanci ruwan kifi ko kusa. Ku tuna kifin nan a tukunyarmu zai ƙare, yaranmu ne za su ci.

Bayan an gama, ko wane irin tanki ne, a cika shi da ruwa ya kwana a ga ko yoyo ya tsaya. A zubar da wannan ruwa, a zuba sabo. Kana a saki kifi biyu ko uku su yi kwana biyu. In suna ci suna iyo lafiya, sai a mayar da sauran. Gara a yi hasarar biyu da a yi ta ɗari biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan sau nawa ya kamata a sake wa kifi ruwa. Mai tambaya ta aiko da takardarta.