Kafin Mu Fasa Bangon Kaka Don Tagar Zamani

Duk wanda ya kai ND II ya san wannan: tun kafin sakamako ya fito, a gida an riga an naɗa ka Injiniya. Fanka ta tsaya, kai za a kira. Za a sayi siminti, kai za a tambaya. Ni abin da aka ɗora mini a hutun da ya wuce shi ne taga, kuma tun daga lokacin ko a Napep nake, idona na kan tagogin mutane.

Gidanmu na gado yana cikin Birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Ginin ƙasa ne. Ɗakin kakata, Hajiya Iya, bangonsa ya kai kusan rabin mita a kauri, kuma da can yana da 'yan tagogi biyu can sama, ɗaya arewa ɗaya kudu. Shekara biyu da suka wuce Baffana ya zo daga Abuja da niyyar alheri, ya ce ba zai bar mahaifiyarsa a cikin duhu ba. Aka toshe ƙananan tagogin nan, aka fasa bangon yamma, aka sa ƙatuwar silaidin ta alminiyom mai baƙin gilashi. Kowa ya zo ya ce ma sha Allah.

Da Afrilu ya kama, Iya ta kwashe tabarmarta ta koma tsakar gida. Daga la'asar rana ke dukan gilashin, ɗakin ya zama tanda har tsakar dare. Da damina ta yi nisa, a Agusta, sai ga tsaga ta taso daga kusurwar tagar ta nufi rufi, domin wanda ya yi aikin bai sa linta ba. Ranar da na je duba ta, cewa ta yi: "Maigidan, duk bokon naka ba ka hana su gasa matarka ba?" Aka yi dariya, amma ni na ji kunya.

Yanzu Baffa ya ce a cire alminiyom a sa ta roba, wato uPVC ɗin nan da ake yayi a sababbin gidajen Abuja da Kaduna. Ya ce, "Injiniya, me ka gani?" Amsar da na ba shi ita nake so mu tattauna a nan. A ganina, a gidan ƙasa, irin firam ɗin shi ne tambaya ta ƙarshe. Kafin ita akwai guda uku: wane bango, yaya girmanta, kuma nawa ke buɗuwa daga cikinta.

Bari in fara ba tagar roba haƙƙinta. Alminiyom yana ɗaukar zafi ya wuce da shi kusan ninki dubu fiye da uPVC. Taɓa firam ɗin alminiyom da ƙarfe uku na rana a watan Maris, za ka gane ba sai an yi maka lakca ba. Roba ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, ba ta neman fenti, kuma idan mai kyau ce tana rufuwa ruf, abin da duk wanda ya share ƙurar hunturu a Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu zai yaba. Wannan duk gaskiya ne.

Amma firam ɗan siriri ne a gefe. Mafi yawan faɗin taga gilashi ne, kuma ta nan zafin ke shigowa. Gilashi mai kaurin milimita 4 ko 5 da ke kallon yamma zai gasa ɗaki ko da firam ɗin na zinariya ne. Baƙin gilashin ma da muke so don rufin asiri, shi kansa yana shan zafi ya sako wani ciki, kuma da dare in an kunna fitila na waje ne ke ganin na ciki.

Sannan roba tana da nata laifin. Tana miƙewa da zafi kusan ninki uku na alminiyom. Firam mai tsawon mita 1.2, idan zafinsa ya canja da digiri 30 tsakanin asubahin hunturu da ranar bazara, zai motsa da kimanin milimita biyu da rabi. In mai haɗawa bai bar masa wuri ba, ko babu ƙarfe a cikin ramin firam ɗin, sai ya lanƙwashe, marfin ya ƙi rufuwa. Mai araha kuma, wadda ba a sa mata isasshen sinadarin kare hasken rana ba, takan koma ruwan ɗorawa ta yi ƙyamushi ta fara tsagewa. Ga kuma maganar gyara. Mai aikin alminiyom ko mai walda, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, ba ka rasa shi. Idan hannun tagar roba ya karye ko robar gefenta ta mutu, wa za ka kira, kuma ina za a samo irinsa? A tambayi mai sayarwa wannan kafin a biya.

To, sai batun iska, wanda shi ne ya fi damuna. Silaidin, ko ta roba ko ta alminiyom, rabinta kawai ke buɗuwa, domin marfi ɗaya ne ke hawa bayan ɗaya. Taga mai mita 1.2 kowane gefe faɗinta murabba'in mita 1.44 ne, amma abin da iska ke samu bai kai 0.72 ba, sannan raga ta sake rage shi. Mai buɗewa waje kamar ƙofa tana ba ka kusan duka. Luba ma, da muke yi wa kallon ta tsofaffin makarantu, kusan duka take buɗewa, illarta ƙura. Mun kuma san taga ɗaya ba ta isa, sai iska ta sami mashiga da mafita. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma duk bazara ma'aikatan lafiya na jan kunne kan sanƙarau da kwana cikin cunkoso a ɗaki marar iska, wannan ba maganar ado ba ce.

Maginanmu na da sun san wannan ba tare da sun zauna aji ba. Bango mai kauri yana riƙe zafin rana ya hana shi shigowa sai dare ya yi. Ƙaramar taga a sama tana fitar da iska mai zafi, tana kare mutuncin matan gida daga idon mai wucewa, kuma ba ta raunana bango. Sun san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa suke kaffa-kaffa da wannan ɓangaren. Garin nan ne fa ya fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da ƙasa da azara. Har yau masu nazarin gine-gine daga Turai da Amurka suna rubutu a kansa, mu kuma da ke karatu a Nuhu Bamalli, tafiyar 'yan mintoci, da yawanmu ba mu taɓa shiga mun ɗaga kai mun kalli bakan gizonsa ba.

Na san abin da wani zai ce: kai dai kana so tsofaffi su dawwama a duhu da hayaƙi. A'a. Ɗakunan da yawa suna da duhu da gaske, katakon tagar ya ruɓe, sauro na shiga yadda ya ga dama. Mai son gyara wa uwarsa ɗaki ya yi abin a yaba. Abin da nake cewa shi ne gyaran ya dace da bangon da ke tsaye. Tsarin da aka yi wa gidan bulo mai na'urar sanyaya ɗaki ba zai zauna a ginin tubali haka kawai ba.

Ga abin da na faɗa wa Baffa. A rage tagar yamma, a yi mata rumfa. A sake buɗe na arewa da kudu, a ɗan faɗaɗa su, kowacce da linta, ta kankare ko azara mai kyau, wadda ta shiga bango sosai ta kowane gefe. A nemo maginin ƙasa ya yi fashin da toshiyar, domin siminti a kan jar ƙasa ba ya kamawa da kyau, ruwa kan ɓuya a bayansa ya ci bangon. A zaɓi mai buɗewa waje, da raga. Idan za a sa ƙarfen tsaro, aƙalla ɗaya ya zama mai buɗuwa daga ciki, saboda gobara. Bayan wannan duka, in kuɗi ya kai, a sa roba mai ƙarfe a ciki, fara, daga hannun wanda zai dawo in ta sami matsala. In bai kai ba, alminiyom ko katako mai kyau a wurin da ya dace ya fi roba mai tsada a bangon yamma.

Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe dai kuɗin makarantar ba su tafi a banza ba." An sa aikin bayan damina.

Mu da za mu fita bana, irin wannan tambayar ce za ta fara zuwa mana, ba gadar sama ba. In an kira ka, ka je da tef ɗin awo, ka tsaya a ɗakin da la'asar, ka tambayi mai kwana a ciki inda iska ke shigo mata. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa abin da muka karanta ya amfani gidajenmu.

Daga wani ɗalibin ND II, Sashen Fasahar Gine-gine