Gwanjo da garau-garau ba abin kunya ba ne

1/ Jiya a majalisa wani ya kama kwalar rigata ya ce, "Kai, wagga riga ai warin dila take yi." Aka fashe da dariya. Na ce e, gwanjo ce, kuma lakadan na biya. Shi kuwa shaddar da ke jikinsa, tun Babbar Sallah mai shago ke nemansa. Ku matso mu yi magana. Zare 🧵

2/ Ra'ayina a taƙaice: mu samarin Anka, Bukkuyum da Gummi mun ɗora wa kanmu kunyar da ba ta da tushe. Mutum na jin kunyar a gan shi tsugune gaban mai gwanjo, ko zaune a bencin mai garau-garau, amma ba ya jin kunyar bashi. Mun juya abin a baibai wallahi.

3/ Mu fara da lissafi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a 2024. Mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000. Yadi biyar na Getzner ya fi wannan albashin gaba ɗaya. Kuma mu nawa ne ma ke da albashin?

4/ To ɗan uwa, in kana noma, ko kabu-kabu, ko cajin waya, da me za ka yi gasar shadda? Ɗayan uku ne: ka ci bashi, ka sayar da hatsi tun da kaka lokacin da ba ya da daraja, ko ka faɗa ramin zinariya da gaggawar da ba ta barin mutum ya kula da ransa. Duk don hoton Sallah guda a Facebook.

5/ Na ga wannan a gidanmu. Ƙanina ya sayar da buhunan dawarsa da kaka ya yi ɗinki da takalmi. Da damina ta yi tsakiya, shi ne ke auno dawa tiya-tiya da tsada. Takalmin kuwa tuni ya buɗe baki. Tsohonmu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Daidai ruwa, daidai tsaki."

6/ Gwanjon nan fa tafiyayye ne. Daga Turai, Amurka da Asiya ake ɗauro shi dila-dila. Yana cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, shi ya sa yawanci sai ya sauka Kwatano ko Lome kafin ya tsallako. Sai manyan kasuwanni irin Ƙofar Wambai a Kano, sai Gusau da Sakkwato, sai kasuwanninmu na mako.

7/ Ma'ana, in dala ta tashi ko aka rufe iyaka, kamar 2019 ko bayan juyin mulkin Nijar a 2023, gwanjo ma tashi yake. Ba kyauta ba ne yanzu. Saboda haka sayensa na buƙatar ido. Ga abin da na koya 👇

8/ Lokaci. In mai kyau kake so, je da sassafe sa'ad da aka fasa dila, ka yi zaɓin farko. Ya fi tsada amma shi ke jimawa. In araha kake so, bari sai kasuwa ta kusa watsewa. Mai kaya ba ya son komawa da lodi, a nan "albarka" ke zama "kawo".

9/ Saya kafin buƙata. Rigar sanyi da bargo, lokacin zafi ake sayensu. Ranar da hunturu ya buso kowa ya ruga, farashi ya hau. Kayan yara ma haka, kada ka jira sai azumi ya kai ashirin.

10/ Dubawa. Ɗaga rigar ka kalli rana ta cikinta, duk wurin da ya siɗe zai nuna. Duba hammata, kwala, zif da tsakanin ƙafafun wando. Ɗinki ya warware? Saya, tela zai gyara. Yadin ya mutu? Ajiye, ko kyauta ce. Kuma kada ka nuna zumuɗi, mai kaya fuskarka yake karantawa kafin ya faɗi kuɗi.

11/ Wanki wajibi ne. Jiƙa da ruwan zafi da sabulu, zuba ɗan Dettol in da hali, shanya a rana sosai, sannan guga. Kamfai da singileti kuwa, don Allah a sayi sabbi. Kuɗin maganin ƙaiƙayi ya fi abin da ka rage.

12/ Wani zai ce, "Ai gwanjo ne ya kashe masaƙunmu." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba zan ƙi ba. Gusau ta yi masaƙa, Kaduna ta yi KTL da UNTL, jiharmu ta yi suna a auduga. Kuma ni ma ina jin ciwon a ce abin da wani ya gama sawa shi ne sabonmu.

13/ Amma gwanjo shi kaɗai bai kashe su ba. Akwai rashin lantarki, akwai fasa-ƙwaurin atamfa da yadi masu araha daga Sin. Kuma shaddar da ake mana gori da ita, a Gusau aka saƙa ta? Getzner daga Ostiriya take. Duka biyun na waje ne, bambancin shi ne ɗaya na barin canji a aljihunka.

14/ In kishin gida muke da gaske, ga hanya: jins, rigar sanyi da kayan aiki a gwanjo. Abin da ya ragu ka sayi yadi daidai ƙarfinka, ka kai wa telan unguwarku kaftanin Juma'a. Kai ka fita tsaf, tela ya ci abinci, ba wanda ke binka.

15/ Sai ciki. Yanzu yayi shi ne indomi da ƙwai da lemon kwalba wajen mai shayi, a ɗauki hoto. Bayan awa biyu yunwa ta dawo. Da wannan kuɗin za ka ci garau-garau ko ɗanwake ka ƙara da fura da nono, ka wuni kana aiki. Wake da gero ba sa yaudarar ciki.

16/ Kuma muna da namu: hoce, tuwon dawa miyar kuka, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu, awara, waina, ga kifi a Gummi. Kusan duk a gonakinmu da gulbinmu suke fitowa. Matar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha, wataƙila daga ƙauye aka koro su, da kaskon nan take riƙe marayu. Kuɗinka ya san inda ya tafi.

17/ Yadda nake zaɓar wurin ci in na sauka Daki Takwas ko wata tasha: ina direbobi suke ci? Nan zan zauna. Inda ake layi abinci ba ya kwana. Ya zama da zafinsa, a rufe. Kalli ruwan da ake wanke kwano da shi. Da damina a ƙara kula, amai da gudawa ba baƙo ba ne a yankinmu.

18/ Nan kuma ku tsaya ku karanta da kyau. Mu ba sai an ba mu labarin arahar da ke kisa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. 'Yargalma, Dareta, Abare, daga baya aka gano Bagega. Dutsen zinariya ake daka wa ana niƙa wa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci. Likitocin MSF sun yi shekaru a Anka suna jinyar yara.

19/ Don haka: kada ka ci abincin da aka baza a buɗe kusa da inda ake niƙa dutse, komai araharsa. Injin ko turmin da ya taɓa dutse, hatsi ba ya shigarsa. Mai aikin haƙa ya ware kayan aiki, nan gwanjo ke da rana, ya tuɓe su ya yi wanka kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro. Dalma ba ta wari, ba ta ɗanɗano.

20/ Ban ce kada ka sa shadda ba. In Allah ya hore maka, sa, mu taya ka murna. Abin da nake roƙo, a daina yi wa mai gwanjo dariya a majalisa. Dariyar nan ce ke tura yaro ɗan shekara 19 cin bashi. 'Yan mata, ku ma da ku nake, ku rage auna saurayi da sheƙin yadi.

21/ Rigar da aka yi mani gori da ita, gobe ma ita zan sa zuwa kasuwa in Allah ya kai mu. Ku faɗa mani a ƙasa: wace kasuwa ce ta fi gwanjo mai kyau a wajenku, kuma garau-garan ina ne ba ya ba ku kunya? A tura wa abokin nan da mai shago ke nema 😅