Tsuntsu ne, matuƙi ne, ko tudun siminti? Gardamar hatsarin jirgin Muan da abin da ya shafe mu a Maradi

Jama'a masu saurarenmu a Maradi, Tibiri da Jiratawa, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Abijan ko Faransa, sharhinmu na yau kan wata gardama ce da ake yi a Koriya ta Kudu. Nesa ce, amma duk gidan da ke da alhaji ko ɗan kasuwa mai hawa jirgi, maganar ta shafe shi.

Ranar 29 ga Disamba 2024, jirgin kamfanin Jeju Air ƙirar Boeing 737-800 ya taso daga Bankok ɗauke da mutum 181. Yana shirin sauka a filin jirgin Muan, masu kula da saukar jirage suka gargaɗi matuƙa cewa akwai tsuntsaye. Jim kaɗan bayan haka matuƙin ya nemi agaji, ya ce sun yi karo da tsuntsaye. Ya fasa sauka, ya kewayo, ya sauko ta ɗaya bakin titin, ƙafafun jirgin ba su fito ba. Jirgin ya yi ta jan ciki har ya wuce ƙarshen titi, ya daki wani tudun siminti da aka dasa na'urar nuna wa jirage hanya a kansa, wuta ta tashi. Mutum 179 suka rasu. Biyu kaɗai suka tsira, ma'aikatan jirgin da ke zaune can baya.

Cewa tsuntsaye sun shiga injin, wannan ba mai musu. Rahoton farko a Janairu 2025 ya ce an samu gashi da jinin wata ƙaramar agwagwar ruwa mai ƙaura a cikin injinan biyu. Gardamar ta taso ne a Yuli 2025, lokacin da hukumar binciken ta shaida wa iyalan mamatan cewa injin dama ne ya fi lalacewa, amma na hagu matuƙan suka kashe, wato mai sauran lafiya. Iyalan suka ce ba su yarda ba, ƙungiyar matuƙa ta mara musu baya, har aka soke taron manema labarai da aka shirya. Hujjarsu ita ce an ɗora laifi kan mutanen da ke kabari, ba a nuna musu cikakkiyar shaida ba, kuma a lokacin hukumar binciken tana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, ma'aikatar da ke da alhakin filayen jiragen ƙasar, har da wancan tudun. Ga kuma wani abin da ya ƙara dagula lissafi: na'urorin naɗar murya da bayanan jirgin sun daina aiki kamar minti huɗu kafin karon.

To, yaya tsuntsun da bai wuce rabin kilo ba zai kashe injin da ke ɗaga jirgi? Injin jirgi iska yake zuƙa. A bakinsa akwai babbar fanka, bayanta akwai jerin ƙananan fuka-fukan ƙarfe da ke matse iskar kafin ta haɗu da mai ta kama wuta. Jirgi mai tashi ko sauka yana gudun kusan kilomita 250 zuwa 300 a awa, kuma a wannan gudu nama kamar dutse yake. In tsuntsun ya bi ta gefen fanka, sau da yawa injin kan jure. In ya shiga tsakiya ya karya fuka-fukan nan, guntayen su karya na bayansu, iska ta daina bin hanyarta, ƙarfin injin ya faɗi. Tsuntsu ɗaya a injin ɗaya abu ne da ake horar da matuƙa a kai, jirgi na iya tafiya da injin guda. Haka aka yi a Kano a watan Mayu 2021, da jirgin Max Air mai zuwa Abuja ya yi karo da tsuntsaye bayan tashi, ya juyo ya sauka lafiya. Bala'in shi ne garke, don garke kan cika baki biyun a lokaci guda.

A nan Afirka mun gani. Ranar 15 ga Satumba 1988, jirgin Ethiopian Airlines ya tashi daga Bahir Dar ta Habasha ya faɗa cikin garken hasbiya, hasbiyar nan dai da muka sani a kan rumbuna da soraye. Injinan biyu suka mutu, mutum 35 suka rasu. A Amurka kuwa, ranar 15 ga Janairu 2009, dinya ce ta kashe injinan jirgin US Airways bayan tashinsa daga New York, matuƙi Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kogin Hudson, mutum 155 duk suka fita da rai. Shi ma sai da aka bincike shi: da ya juya, ba zai kai filin jirgi ba? Gwajin da aka yi da na'ura ya nuna zai iya kaiwa in ya juya nan take, amma da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane me ya same shi, jirgin gwajin bai kai ba.

Wannan daƙiƙa 35 ita muke so a riƙe wajen hukunta matuƙan Muan. Mu a ganinmu iyalan suna da gaskiya da suka ce a buɗe shaida, amma ƙin jin maganar ba zai goge ta ba. Kashe injin mai lafiya ya taɓa faruwa: a Kegworth ta Ingila a Janairu 1989 haka aka yi, mutum 47 suka mutu, kuma daga baya an gyara horon matuƙa saboda an faɗi gaskiyar. Sai dai ko da ta tabbata matuƙan Muan sun yi wannan kuskure, sun kawo jirgin kan titi a miƙe, bai tarwatse ba. Abin da ya tarwatsa shi tudun ne, kuma ba matuƙi ya gina shi ba. Abin da ake kafawa a ƙarshen titin jirgi ana son ya zama mai saurin karyewa in an dake shi. Gwamnatin Koriya da kanta ta sanar za ta sauya irin waɗannan gine-gine a wasu filayenta, kun ga ai wannan ma amsa ce.

Yanzu mu dawo gida. Mafi yawan karon jirgi da tsuntsu ƙasa-ƙasa yake faruwa, wajen tashi da sauka. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke jawo tsuntsaye cikin kewayen kilomita 13 daga filin jirgi. Ku auna wannan daga filin jirgin Maradi: birnin duka ya shiga, gulbi ya shiga, Tibiri da gonakin noman rani na Jiratawa su ma suna ciki ko a bakin layi. A cikin kewayen nan akwai shamuwa da ke zuwa mana da albishirin damina, akwai balbela bayan shanu, akwai shirwa da hankaka a kan bola da wajen yanka, ga jan baki in gero ya nuna. Angulu dai ta yi ƙaranci yanzu, wannan wani sharhin ne daban.

Ba cewa muke a kori shamuwa ba, kuma manomin Jiratawa ba zai bar ban ruwa don jirgi ba. Tsuntsun gona da na gulbi aikin ma'aikatan filin jirgi ne su san lokacinsa da hanyarsa, su kore shi daga titi, su gargaɗi matuƙi. Amma bola hannunmu ce ke tara ta. A Rasha, a watan Agusta 2019, jirgin Ural Airlines mai ɗauke da mutum 233 ya sauka cikin gonar masara kusa da Mosko bayan tsuntsayen ruwa sun shiga injinansa, kuma nan da nan aka nuna yatsa ga jujin shara da ke kusa da filin. Allah Ya sa ba wanda ya mutu.

Gaskiya ne manyan jirage ba kullum suke sauka Maradi ba, alhazanmu ta Yamai suka fi tashi, ƴan kasuwa da yawa kuma ta Kano. Amma gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye, kuma wurin da aka fara zuba shara yau da wuya a tashe shi bayan shekara goma. Tambayar da muke miƙa wa ma'aikatar magajin gari da hukumar ANAC mai kula da jiragen farar hula ita ce: kafin a ba da wurin zuba shara ko wurin yanka a gefen filin jirgi, wa ake tuntuɓa? Makirufo ɗinmu a buɗe yake ga duk wanda zai zo ya amsa.