Allon Furoje Ba Ya Cika Rumbu

Wani dare, a shirin da nake buɗe wa masu saurare layi, muna zancen wani sabon tsarin tallafa wa matasa da aka ƙaddamar a kudancin jihar Damagaram, sai wata dattijuwa ta kira. Ta ce: "Ɗana, waɗanne matasa kuke nufi? Ka zo garinmu ka gani. Daga tsofaffi sai mata sai awaki." Ƴaƴanta maza uku ne. Ɗaya yana ga-ruwa a Kano, ɗaya yana leburanci a Agadas, na ukun rabonta da jin muryarsa tun ranar da ya ce mata ya kama hanyar Libiya.

Na rasa amsar da zan ba ta, domin da ni aka yi bikin ƙaddamarwar. Na ga rumfuna, na ga jerin kat-kat, na ga riguna masu tambari. An yi jawabi da Faransanci, aka fassara shi a gurguje. An koyar da ɗinki na kwana biyar a watan Maris, lokacin da duk saurayi mai ƙarfi a jika ya riga ya tafi cin rani, don haka aka cike kujerun da ƴaƴan birni. Da na koma bayan shekara, abin da na tarar allon ƙarfe ne a bakin hanya, rana ta cinye fentinsa.

Maganata a fili take: duk shirin da ya ce na matasan karkara ne, amma bai ba su aikin yi da rani a ƙauyensu ba, shirin ma'aikatansa ne, ba na matasa ba.

Lissafin ba shi da wuya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Damina wata uku ce zuwa huɗu. Ana gama girbin hatsi a Oktoba, sai a shiga wata bakwai ko takwas ba gona ba kasuwa. A gidaje da yawa rumbu ba ya kai wa shuka ta gaba. Saurayin da ya tafi ba gudun iyayensa ya yi ba: ya rage baki ɗaya a kan tukunya ne, yana fatan ya aiko da jika biyar ko goma. Wanda bai fahimci wannan ba, ba shi da hurumin tsara wa ƙauye komai.

Mun kuma san inda wannan hanya take kaiwa. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma galibinsu daga yankin Kance suka fito. An yi zaman makoki na kwana uku, amma tafiyar ba ta tsaya ba, saboda abin da ya fitar da su daga gida yana nan daram. Uwa ba ta ɗaukar goyo ta nufi Tamanrasat bara don an manta a wayar mata da kai.

Za a ce mini: da babu gara ba daɗi. Ban yarda ba. Shirin da ya zo ya watse ba a banza yake tafiya ba, yana barin ɓarna. Yana koya wa mutane jira. Yau a wasu garuruwa in ka kira taron gyaran rijiya, tambayar farko ita ce nawa ne kuɗin zama. A garuruwan da kakanninmu suke nome gonar mara lafiya da gayya, ladansu fura da kalangu! Wa ya koya musu wannan tambaya? Ba su suka ƙirƙiro ta ba.

Wasu kuma su ce samarin ne ragwaye, ba abin da suka iya sai shan shayi a fada. Wanda yake tura kurar ruwa daga asuba zuwa magariba a garin da ba nasa ba, shi ne raggo? Fadar da ake zagi ita ce ƙungiyar matasa ɗaya tilo da ba ta jiran kuɗin kowa: tana da shugaba, tana da asusu, tana kai gudummawar biki da ta rasuwa. Mai hankali da ita zai fara, ba ya kafa sabon kwamiti mai hatimi ba.

Ba sai mun je wata ƙasa neman misali ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba a raba wa matan ko dala ba. An ɗora ne a kan adashin da suka sani: su zuba kowane mako, su ranta wa juna, su raba riba in zagaye ya cika. Yau ana kwaikwayon tsarin a ƙasashe da dama. A Maraɗin nan dai, tun farkon shekarun 1980, Tony Rinaudo da manoman yankin suka yaɗa dabarar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi. An ƙiyasta ta farfaɗo da hekta kimanin miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Wanda ya bi ta Matamaye, Magarya ko Mirya ya ga gawo cike da gonaki. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta matsa wa noman rani, Samariya kuwa ta gina azuzuwan lakwal da ƙarfin samari, duk da cewa mulki ya yi amfani da ita don kansa. Abin da ya haɗa waɗannan ɗaya ne: mai ɗaki aka bari ya nuna inda ruwa ke masa yoyo.

Mu ƴan rediyo ma da laifinmu, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ana biyanmu kuɗin mai mu je mu ɗauko jawabi, mu sa a labarai "an tallafa wa matasa ɗari", mu koma gida. Ba ma komawa mu tambayi ina ɗarin suke. Ni na yi hakan, ba sau ɗaya ba. Muryarmu da talaka ya amince da ita muka ara wa abin da muka san hoto ne.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A tsara shiri da kalandar manomi, a je ƙauye kafin girbi, lokacin da samari suke gida. A sa kuɗin a abin da zai rage bayan motoci sun tafi: rijiyar lambu da shingenta, rumbun tsimi da ke sayar da hatsi da rahusa lokacin bazara, jarin kiwo ta hannun asusun mata. A karanta kasafin da Hausa a ƙofar maigari, kowa ya ji nawa ya tafi otal a Yamai, nawa ya iso gari. Magajin garin da ya sa hannu, shi ma a tambaye shi a bainar jama'a.

Ma'aunin kuma kada ya zama yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta. A zo a watan Maris, bayan sallar isha'i, a ƙirga samarin da suka kwana a garin.

Na yi wa dattijuwar nan alkawarin zan je, kuma ba ranar biki ba. Zan kai mata makirfo ta faɗi sunan ɗanta na uku, ko Allah zai sa wani a Sabha ya ji.