GYARAN GIDA: Ƙyaure da Dirkar Rumfa

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ƙaramin abu da ke jawo babbar hasara, wato ƙyauren da ke dukan dirkar rumfa.

A ƙasarmu ta Gumel, tun daga Gagarawa da Sule Tankarkar har Maigatari a bakin iyakar Nijar, rumfa ba ado ba ce. Rana da zafi, inuwa kuwa kaɗan. Saboda haka mai shago ya kan kafa rumfar kwano a ƙofarsa, uwargida kuma ta zana a gaban ɗaki. Wanda ya zaga kasuwar Maigatari ran Alhamis zai ga shaguna masu ƙyauren ƙarfe da ke buɗewa waje, ga kuma dirka tsaye dab da su. Kullum aka buɗe, sai ka ji gwaf!

Mu kan raina wannan duka, amma yau da gobe ba ta bar kome ba. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe itace da ƙarfi. Kowane bugu ya kan girgiza dirka a raminta, ramukan ƙusa a jikin kwano su yi ta faɗi, hinjin ƙyaure ya karkace har sakata ta ƙi shiga. Sa'an nan hadarin farkon damina ya taso daga gabas. Ku lura da wannan lissafi: in gudun iska ya ninka sau 2, ƙarfin turinta ya kan ninka sau 4. Ƙyauren da aka bari sake sai ya zama guduma, rumfar da ta riga ta yi sanyi kuwa ta faɗo a kan wanda ya fake. Ban da haka, yaron da ya rungumi dirka yana wasa, yatsunsa suna cikin hatsari.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A Amurka da Ingila akwai ɗakin tafi-da-gidanka wanda a ke ja da mota. A gefensa akwai rumfar tamfol mai hannuwa biyu na ƙarfe, ƙyauren ɗakin kuwa ya kan bugi hannun da ke kusa, ko ya yage tamfol ɗin. Masu shi su kan ɗaure ƙyauren da maɗauri don kada ya wuce iyaka, su naɗa soso a hannun rumfar, su kuma ɗaura 'yar taya a saman ƙyauren don ta gangara ƙarƙashin tamfol. Dabararsu ɗaya da tamu, sai dai mu kayan aikinmu na nan a bayan gida.

Na farko, awo. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ƙyaure mai faɗin ƙafa 3, wato kamar santimita 90, yana share fili ƙafa 3 daga hinjinsa. Kafin a haƙa ramin dirka, a buɗe ƙyauren duka, a zana hanyarsa a ƙasa da tsinke, a kafa dirka taƙi guda bayan zanen. A duba sama kuma, kada leɓen kwano ya sauko har ƙyauren ya taɓa shi.

Na biyu, turke. In dirka ta riga ta kafu, sai a kafa ɗan gajeren turke na itace ko ƙarfe inda zai tare ƙyauren kafin ya kai ga dirka. A nan mutane da yawa ke kuskure: su kan sa shi kusa da hinji don kada a yi tuntuɓe. Amma ƙyauren da aka tare a gindi, iska na tura bakinsa, hinjin zai ɓanɓare. Turke ya tsaya daidai bakin ƙyaure, gefen da sakata ta ke. A dame ɗan siminti a riƙe shi.

Na uku, ƙugiya. Turke ya hana ƙyaure wucewa, amma bai hana shi komowa ba. Mai walda zai lanƙwasa guntun rodi ya yi ƙugiyar da za ta kama ƙyauren da turken. Kada a ɗaure ƙyaure a jikin dirkar kanta, gama in iska ta fizge shi, da rumfar zai tafi.

Na huɗu, roba. A yanko tsohuwar tayar babur a naɗa wa turken da dirkar daidai inda bugu ke sauka. Amma roba rage ƙara ta ke yi, ba ta maye gurbin turke. Rana kuma tana cinye ta, sai a riƙa sakewa.

Kafin ruwan farko, maigida ya girgiza kowace dirka ya gani. Wadda gara ta ci a sake ta, sabuwar kuma a shafe gindinta da baƙin mai. A sa yara 'yan makaranta su yi awon, su ma su ga amfanin lissafinsu. Aikin maraice guda ne, kuɗinsa bai kai na kwano ɗaya ba.