Kafin A Gayyato Baƙo, A Ƙidaya Dukiyar Gari

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya a riƙa ba su shi hannu da hannu, ba tare da ya biya ta wajen gwamnoni ba, ta kuma haramta ɗora kantomomi a kujerun da tsarin mulki ya ce zaɓe ne zai cika su, bakin jama'a bai huta ba a kan zancen kuɗin wata, nawa ya zo, nawa aka riƙe, wa ya ci. Wannan zance yana da muhimmanci, ba na musun haka. Amma akwai wata dukiya da ta riga kason Abuja zuwa, wadda kuma za ta wanzu ko da man fetur ya ƙafe, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, watau filaye da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da bakin tafkuna waɗanda doka ta damƙa amanarsu a hannun majalisar ƙaramar hukuma. A kan wannan dukiya nake so in yi magana, ina mai fuskantar ƙaramar hukumar Lafiya, musamman garuruwan da ke jere a kan hanyar Shendam, daga Akurba zuwa Adogi, Ashige har Assakio.

Wanda ya buɗe jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 zai tarar an lissafa wa ƙaramar hukuma ayyukanta dalla-dalla: kafa kasuwanni da kula da su, da mahauta, da tashoshin mota, da makewayin jama'a, da maƙabartu, da tituna da magudanan ruwa, da lambunan shaƙatawa da filayen da aka bari a sarari domin amfanin kowa. Haka kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, bayan da ta sa ƙasar birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a ƙasar da ba a ayyana ta birni ba, har zuwa hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo ga mutum guda, kafin a bukaci sa hannun gwamna. Mai karatu ya tsaya ya auna girman hekta 500, sa'an nan ya tuna cewa 'yan mutane kaɗan ne, ciyaman da kansiloli da wasu manyan ma'aikata, ke iya zama a ɗaki guda cikin hantsi ɗaya su yanke shawara a kan irin wannan fili, alhali waɗanda kakanninsu suka sare dajin suna gona ba su ma san ana zaman ba.

Malamanmu na da ba su ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Fuƙaha'u sun tabbatar da ƙa'ida cewa tasarrufin shugaba a cikin dukiyar talakawansa ba ya inganta sai in an gina shi a kan maslaharsu, domin shi wakili ne a kanta, kuma wakili ba shi da ikon kyautar da abin da aka wakilta shi ya tsare. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali, ya kuma umarci mai tsaronta da ya bar masu 'yan dabbobi kaɗan su shiga kafin masu garke. Da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka Kano aka roƙe shi ya rubuta wa jama'a hukunce-hukuncen mulki, ya wallafa Liya'ul Hukkami, kuma duk wanda ya yi karatun wannan littafi a zaure ya san yadda aka tsananta a cikinsa game da amanar shugabanci da haƙƙin talaka. A al'adar ƙasar nan ma, kowane gari yana da huruminsa, da burtalinsa, da mashayarsa, da filin Idinsa, waɗanda dagaci ba ya sayarwa ko da yunwa ta kai shi bango, saboda ya san ba nasa ba ne. Kuma wannan fahimta ba ta Musulmi ce kaɗai ba. Eggon da Alago da Migili da Gwandara, Musulminsu da Kiristansu, duk suna da wuraren da kakanni suka keɓe, waɗanda ba a taɓa su sai da yardar dattawa.

To, yaya irin wannan dukiya ke salwanta? Ba kasafai take tafiya rana ɗaya ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama hedikwata, garin yake ta buɗewa gabas da yamma, kuma zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara wa fili daraja, har ya zamana gonar da da ba a tayawa yanzu an yanka ta fuloti-fuloti. Duk garin da ke bakin kwalta kusa da babban birni, kamar Adogi, wannan guguwa za ta iso shi, ko ta riga ta iso. Abin da aka saba gani a ƙasar nan, daga Kano har Kaduna, sananne ne: a ɗan gutsuri gefen filin makarantar firamare a ba wani ya gina shago, a raba rumfunan kasuwa ga waɗanda ba su taɓa kasa ko tumatir ba su kuma su ba 'yan kasuwa haya da tsada, a yanki kusurwar tasha a ce gidan mai ne zai kawo ci gaba, a nome burtali har makiyayi ya rasa inda zai bi, sa'an nan a wayi gari ana neman wanda ya fara faɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka dube shi shi kaɗai, ƙaramin hukunci ne, wanda aka rubuta cikin layi biyu a littafin zaman majalisa, in ma an rubuta. Amma idan shekara ashirin ta shuɗe aka tara su, sai a tarar gari ba shi da inda yara za su yi ƙwallo, ba shi da inda zai faɗaɗa asibiti, har maƙabarta sai an yi karo-karo an saya.

A 'yan shekarun nan an sami sabuwar hujja mai daɗin ji, ita ce yawon buɗe ido. Wani zai zo da takardu masu sheƙi da zanen otal, a kira shi mai zuba jari, ya nemi a mallaka masa bakin tafki ko gindin dutse, da alkawarin cewa baƙi za su yi ta tururuwa, matasa su sami aiki. Ba na ƙin baƙi, kuma ba na raina abin da Allah ya hore wa wannan jiha. Akwai Farin Ruwa a ƙasar Wamba, inda ruwa ke zubowa daga tsayin da ya kai kimanin mita 150. Akwai duwatsun Eggon. Akwai gishirin Keana da na Awe, wanda mata ke dafawa tun kaka da kakanni, da bikin Oyarore da ake yi dominsa. Akwai bikin Odu a Doma. Akwai tafkin Hunki a Awe. Akwai Keffi da tarihin Magaji Ɗan Yamusa da Kyaftin Moloney na 1902. A nan kusa kuma, ta wajen Assakio, akwai tafkin Peperuwa. Waɗannan duka ni'imomi ne da ya kamata a gode wa Allah a kansu ta hanyar kula da su.

Sai dai Farin Ruwa ɗin nan da kansa ya ishe mu wa'azi. A zamanin mulkin Abdullahi Adamu, tsakanin 1999 da 2007, an ɗaga sunan wurin ƙwarai, an fara gina masaukai, an kuma ƙaddamar da aikin samar da wutar lantarki daga ruwan. Da gwamnati ta sauya, sai aikin ya tsaya shekara da shekaru, hanyar zuwa wurin ta zama abin da ke korar mai niyyar ziyara. Idan jiha guda, da dukan ƙarfinta, ta kasa riƙe babban aiki saboda an rataye shi a wuyan mutum ɗaya da wa'adinsa, ina ga ƙaramar hukuma? A gwama wannan da Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asalin shahararsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, ya kuma kai har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Abin da ya raya Argungu shi ne ruwan Matan Fada ya zauna a hannun jama'a, da Sarkin Ruwa da masu kula da shi, ana hana kamun kifi a cikinsa har ranar biki ta zo. Da an sayar da gaɓar ga wani attajiri ya kewaye ta da katanga, da yau babu abin da za a je kallo.

Haƙiƙa, abin da baƙo ke nema bai wuce abin da jadawali na huɗu ya riga ya ɗora wa majalisa ba. Yana son hanyar da ba za ta karya masa mota ba, da tasha mai tsari wadda ba za a yi masa ƙwace da sunan haraji ba, da makewayi mai tsabta, da ruwan alwala, da inuwar da zai zauna ya ci abinci, da allon da zai nuna masa inda zai bi, da kwanciyar hankali cewa zai koma gida lafiya. Duk waɗannan kuwa mutumin gari ne zai fara morarsu kullum, tun kafin baƙo ya zo sau ɗaya a shekara. Kuma ya kamata mu daina zaton cewa baƙon nan Bature ne daga Ingila. Ɗalibin jami'a ne daga Lafiya, da malamin makaranta da ya ɗebo yaransa, da ma'aikacin Abuja da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar hutu, da fatake daga Jos da Makurɗi. Irin waɗannan, idan suka tsaya a Adogi suka tarar da kasuwa mai shara da rumfuna a jere, za su sayi doya da riɗi da garin rogo su cika bayan mota, kuɗin kuma ya shiga hannun manomi da matar da ke tuyar ƙosai kai tsaye, ba tare da ya biya ta aljihun kowa ba. A ganina wannan ciniki ya fi wa talaka albarka da otal mai hawa uku wanda ba zai iya shiga ko harabarsa ba. Akwai kuma wata fa'ida da iyaye suka fi kowa sani: wurin da yake hannun majalisa, jama'a na da bakin cewa a kiyaye mutunci da tarbiyya a cikinsa, amma wanda aka sayar, mai shi ne ke da ta cewa.

Na san za a ce majalisa ba ta da kuɗi, albashin malaman firamare ma da ƙyar ake haɗa shi, saboda haka tilas a nemi masu hannu da shuni. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a kore su ba. Abin da nake cewa shi ne akwai bambanci mai nisa tsakanin haya da sayarwa. A ba da haya ta shekaru ƙididdigaggu, a yi shela a fili kowa ya kawo tayinsa, a rubuta sharaɗi cewa in ba a fara aiki cikin wa'adi ba fili ya koma hannun jama'a, a rubuta cewa masunta ba za a hana su ruwa ba, makiyaya ba za a toshe musu mashaya ba, mata ba za a raba su da hanyar ɗibar ruwa ba, a kuma ware wa garin da wurin yake cikinsa wani kaso sananne daga abin da aka samu. Mai zuba jarin kirki ba zai guji waɗannan sharuɗɗa ba, domin su ne za su kare shi daga rigima idan gwamnati ta sauya. Wanda ya guje su kuwa, fili yake so ya ajiye ya yi tsada.

Amma kafin haya, kafin baƙo, kafin komai, akwai aiki na farko wanda ba ya bukatar kason Abuja, shi ne ƙidaya. Majalisar Lafiya ta buɗe daftari guda, ta rubuta kowace kadara da ke hannunta gunduma-gunduma: ina take, mene ne faɗinta, wa ke amfani da ita, nawa yake biya, yaushe wa'adinsa zai ƙare. Jihar nan tana da hukumar NAGIS mai na'urorin safiyo da taswira. A nemi taimakonta a auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin coci, domin shaidar mutane da yawa ba ta ɓacewa da ɓatan fayil. A liƙa kwafi a sakatariya da ƙofar kowane dagaci, a kuma kai ɗaya fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, Sidi Bage Muhammad, wanda ya zauna kujerar alƙalanci a Kotun Ƙoli kafin ya hau gadon sarauta a 2019, ya kuma fi kowa sanin yadda shari'ar fili ke cinye dukiya da zumunci idan babu rubutu. Bayan haka majalisa ta yi wa kanta doka cewa ba za a sayar, ko a ba da haya, ko a sauya amfanin wata kadara ba, sai an yi sanarwa wata guda kafin zama, an kuma bar ƙofa a buɗe mutanen gundumar sun ji da kunnensu.

Ku mutanen Adogi da maƙwabtanku, kansilan da kuka zaɓa ɗanku ne, kun san gidansu, kuna haɗuwa da shi wajen suna da jana'iza. Ku tura dattawanku da shugabannin matasa da na mata su same shi cikin girmamawa, su nemi ya gabatar da ƙudurin wannan daftari a zaman majalisa na gaba, su kuma roƙe shi ya dawo ya faɗa muku ranar da za a fara awon filayen gundumarku.